Gwangwanin Kawu Ilu a Hannun Nomau

A Gangaren Maje, ƙauyen da ke gindin Dutsen Shamuwa, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Ladidi, da tsohuwarsa Inna Tabawa, sai kaji bakwai da rumbu ɗaya. Nomau ba malalaci ba ne, ba shi kuma da taurin kai. Ai da taurin kai ne da sauƙi! Cutarsa ɗaya ce tak: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi, ko da kai mai faɗar ba haka kake nufi ba. An taɓa aikensa kasuwar Laraba aka ce kada ya dawo sai da gishiri. Ranar mai gishiri bai zo ba, Nomau ya nemi rumfa ya zauna har wata Larabar. Liman ya taɓa sa shi sharar masallaci, ya ce kada ya bar komai a ciki, sai ga Nomau ya fitar da tabarmi da butoci, ya koma ya sungumo ladan da ke gyangyaɗi a sahun gaba ya ajiye shi a waje.

Tun daga nan babu mai ba shi aiki. In an yi gayya sai a ce, "Nomau, kai dai zauna ka huta." Shi kuwa sai ya zauna, yana kallon 'yan'uwansa maza suna zufa suna raha. Abin yana ci masa rai ƙwarai, don mutum ne mai son a ce masa sannu da aiki, ga shi shekara arba'in da ɗoriya bai taɓa jin ta ba.

Ana nan sai Kawu Ilu, ƙanin Inna Tabawa, ya yi ritaya daga aikin safiyo, wato awon ƙasa, a Kaduna ya dawo gida da ciwon gwiwa da wani wasa na mutanen birni. Wasan kuwa shi ne mutum ya sami gwangwani mai murfi, ya sa ɗan littafi da fensir da 'yan tarkace, ya ɓoye a wani wuri, sannan ya rubuta lambobin wurin a intanet. In ji Kawu, kowane taku a ƙasar Allah yana da lambarsa, waya kuma tana iya kai mutum har kanta. Masu nema su biyo wayarsu su lalubo gwangwanin, su rubuta sunansu a littafin, su ɗauki abu ɗaya su ajiye wani, su mayar da shi yadda suka same shi. Ba a cin komai, sai daɗin an gano. Mutanen gari suka ji bayani suka ce, "Ƙoshi ne ke damun 'yan birni." Kawu bai kula su ba, ya sami babban gwangwanin madara ya shirya shi tsaf. Sai dai gwiwa ta hana shi hawa dutse, dole ya nemi mai kula.

Inna Tabawa ta same shi har zaure. "Ilu, ka ba ɗanka."

"Yaya, Nomau fa kika ce?"

"Shi na ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Kawu ya murza gwiwa. Can ya ce, "To, damina ɗaya zan gwada shi. In ya iya, gwangwani ya zauna a hannunsa. In ya ɓata, in karɓe in ba wani, kada a ce na yi rashin zumunci." Nomau da ke bakin ƙofa ya ji, ya shigo ya durƙusa ya karɓi gwangwanin da hannu biyu. Wallahi ba a taɓa ba shi amanar ko da ludayi ba.

Wata rana, wato ranar farko ke nan, Kawu ya nuna masa dutse daga ƙofar gida ya ce, "Hau can wajen bauren nan, ka ɓoye shi inda ba wanda zai gan shi." Nomau ya hau, ya sami wani kogo ya tura gwangwanin, ya ja da baya ya duba. Ga shi kuwa yana ganinsa. Ya canza wuri, ya rufe da ganye, amma da ya leƙa sai ya sake hango gefen murfin. Ya riƙe haɓa ya ce, "To ni ba mutum ba ne? Kawu cewa ya yi ba wanda zai gani." Sai ya ja hularsa ta rufe ido, ya ɗaure da ƙyalle, ya yi juyi bakwai, ya kama tafiya yana lalube. Ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, a wani wuri ya saki gwangwanin, ya ci gaba da tafiya har sai da ya ji kansa cikin gonar geron mutane. Ya dawo gida gwiwa duk a ɗaye, baki har kunne.

Kawu ya ce, "Ina ka sa shi, in ɗauki lambar wurin?"

"Wallahi Kawu, ko ni ban sani ba," in ji Nomau, yana jiran a yaba masa.

Kwana uku ana nema. Wata mata mai itace ce ta tsinto shi a tsakiyar ƙaya, ta kawo tana tambayar ko na wani mai magani ne.

Wata rana Kawu ya ga abin ba na aike ba ne, ya ari jaki ya hau dutsen da kansa. Ya zaɓi wata tsaga a gindin bauren, ya sa gwangwanin ya kara ɗan dutse a baki, ya ɗauki lambar wurin da wayarsa. Ya ce, "Nan ne wurinsa, ba ya motsawa. Kai dai ka riƙa zuwa kana duba shi." Bai ce sau nawa ba, kun ji kuskuren Kawu. Nomau ya riƙa zuwa bayan kowace salla, in ya dawo kuma zuciyarsa ta ce masa ko an ɗauke bayan tahowarsa, sai ya juya. Kafin sati biyu ciyawa ta mutu, hanya ta fito sambal daga ƙofar gidansu har bakin tsagar. Masu nema na farko, wasu ɗalibai biyu daga Zariya, suka sauko suka sami Kawu a zaure.

"Baba, wasan nan naku bai yi daɗi ba. Ko wayar ba mu ciro daga aljihu ba, hanya ce ta kai mu."

Kawu ya kira Nomau ya ce, "Kada ka ƙara barin sawu a hanyar nan!" Washegari Nomau ya ɗauki tsintsiyar Ladidi, ya riƙa tafiya da baya yana share sawunsa, hawa da sauka. Da dai 'yar siririyar hanya ce, yanzu kuwa ta zama shararriya fes, ko makaho ya bi ta ba zai yi tuntuɓe ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Sai da Kawu ya zaunar da shi ya yanka masa doka dalla-dalla: Juma'a kaɗai zai je, sau ɗaya, kowane zuwa ta wata hanya dabam, kuma ban da tsintsiya.

Wata rana hadari ya haɗo daga gabas, damina ta kankama. Kawu ya dubi sama ya ce, "Nomau, babban abokin gabar gwangwanin nan ruwa ne. In littafin ya jiƙe an gama. Ko ta halin ƙaƙa kada ka bari ruwa ya taɓa shi." Abin da Kawu ke nufi bai wuce a sa littafin a leda a danne murfi ba. Nomau ya shiga gida yana waige-waige, me ke hana ruwa taɓa abu a duniyar nan? Idonsa ya faɗa kan rumbu. Shekara da shekaru ana ruwa, bai taɓa ganin geron ciki ya jiƙe ba. Ladidi ta tafi barka, Inna tana barcin rana, sai ya kafa tsani ya ɗaga jinkar rumbun ɗungurungum ya ɗora a ka. Mutane suka ga jinka tana tafiya da ƙafafu biyu tana hawa dutse, wasu suka yi a'uziyya, wata tsohuwa ta yar da tulunta. Ya kifa ta a kan tsagar, ya danne da duwatsu, ya shige ciki ya zauna yana jin daɗin yadda ruwa ke zuba a waje.

Ladidi ta dawo ta tarar da rumbu baki buɗe yana shan ruwa. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Da Nomau ya sauko ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, ina jinkar rumbunmu?"

"Tana kan dutse. Ki kwantar da hankalinki, ko ɗigo bai taɓa littafin ba."

"Littafin za mu ci? Na ce littafin za mu ci da rani?"

"A'a, fensir ne a ciki da usur, ba a cin su."

Ladidi ta zauna daɓas a kan turmi ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Kwana huɗu suna shanyar gero a kan kowace tabarma da ke unguwar, kaji kuwa suka yi salla babu wata. Kawu ya aiko aka sauko da jinkar, ya ba Nomau leda, ya ce saura ƙiris haƙurinsa ya ƙare.

Wata rana Nomau ya je dubawar Juma'a ya tarar wani ya ɗauke usur ɗin bai ajiye komai ba. Ya sauko a guje ya faɗa wa Kawu, kamar an yi masa mutuwa. Kawu ya ce, "Akwai marasa kunya a kowane wasa. In ka ga an ɗauki abu ba a sa ba, kai ka sa wani, wanda ya kai shi ko ya fi shi. Kada masu zuwa su tarar da gwangwani fayau." Nomau ya riƙe wannan da kyau, musamman wajen ya fi shi ɗin. Aka fara neman cokula a gidan ana rasawa. Madubin Ladidi ya yi ɓatan dabo, sai kwalbar turaren Inna, sai makullin ɗakin baƙi. Inna ta fara zargin aljanu, har ta sa aka yi hayaƙi. Labari kuwa ya bazu a wajen masu wasan cewa gwangwanin Dutsen Shamuwa ya fi na ko'ina kaya, motoci suka riƙa tsayawa a bakin gari.

Ran nan wata baƙuwa ta sauko daga dutse ta yi sallama ta roƙi ruwan sha. Ladidi ta miƙa mata moɗa, baƙuwa ta miƙo hannu, sai ga warwaron auren Ladidi yana walƙiya a hannun.

"Baiwar Allah, ina kika sami wannan?"

"A gwangwani. Na ajiye ɗan maɓalli na ɗauke shi, har ina cewa mutanen garin nan akwai kyauta."

Ladidi ta juya a hankali ta dubi mijinta. Nomau ya ce, "Ai ya fi abin da aka ɗauka, ko bai fi ba?" Baƙuwar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta cire ta mayar, amma cokula da madubi sun riga sun shiga duniya. Daga ranar Ladidi ta koma kwana da makullin akwatinta a ɗaure a bakin zane.

Wata rana Kawu ya lura masu kiwo da masu itace sun fara bin Nomau da ido in zai hau dutse. Ya ce masa, "Wanda ba ɗan wasa ba bai kamata ya san wurin ba, kada a sace. In ka haɗu da mutum a hanya, ka yi kamar wani abu ne ya kai ka."

"Kamar me, Kawu?"

"Oho, ka ce akuyarka ce ta ɓata kana nema."

Juma'a ta zo, Nomau ya haɗu da mutum na farko ya ce akuyarsa ta ɓata. Mutumin ya ce, "Assha! Wace iri?" Nomau bai shirya wa wannan ba, ya ce ja ce. Na biyu ya tambaya ko tana da ciki, Nomau ya ga kamar rashin kunya ne ya ce a'a, ya ce tana da shi. Kafin la'asar akuyar ta zama ja mai farin goshi, mai cikin tagwaye, mai ɗingishi a ƙafar hagu. Mutanen Gangaren Maje kuwa akwai tausayi, samari suka bazu cikin daji da sanduna. Wani ya rantse ya ga irinta jiya a ƙofar Jatau mahauci. Kafin ka ce kwabo an taru a gaban mai gari, Jatau yana rantsuwa yana kumfar baki, yana cewa a kawo Alƙur'ani ya dafa.

Mai gari ya ce, "Nomau, yaushe ka ga akuyar nan gani na ƙarshe?"

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ganinta ba."

"To yaushe ka saye ta?"

"Ai ba ni da akuya. Kawu ne ya ce in neme ta."

Fada ta fashe da dariya, ban da Jatau. Sai da Kawu ya je da kansa da goro ya ba shi haƙuri, duk da haka wata guda mahaucin nan yana auna wa gidansu ƙashi.

Wata rana wasu masu nema suka yi ƙorafi cewa mai kula da gwangwanin yana tsayawa a kansu yana cewa, "Hagu kaɗan, ɗaga dutsen nan." Kawu ya ja kunnensa. "Daɗin wasan a neman yake. In ka ga masu nema, kada ka ce musu komai. Ka ji? Komai!" Juma'ar da ta biyo wani likita ya zo daga Kano da matarsa. Suka yi wa Nomau sallama, ya datse baki ya amsa a zuci. Suka ɗauka kurma ne suka wuce. Likita yana kallon waya yana taku, ya nufi wani kogo da ke hannun dama da bauren. Nomau ya san kogon sarai, gidan rina ne a ciki, ƙato. Gumi ya karyo masa. Ya buɗe baki ya tuna, ya rufe da hannu biyu, yana ta tsalle a wuri ɗaya yana zare ido. Matar ta ce, "Allah sarki, bawan Allah yana taya mu murna, mun kusa." Likita ya zura hannu har gwiwar hannu.

Kai, jama'a! Ba a taɓa sauka daga Dutsen Shamuwa da sauri irin na ranar ba. Likita ya iso zauren Kawu da ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi suntum, takalmi ƙafa ɗaya. Bai yi zagi ba, mutumin kirki ne, amma ya ce zai rubuta wa sauran masu wasan su yi hattara da wurin. Wannan ita ta ƙona wa Kawu rai.

Da baƙin suka tafi ya kira Nomau, a gaban Inna da Ladidi. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "Yaya, na gwada, kin gani da idonki. Tura ta kai bango." Ya juya wajen Nomau. "Gobe da safe ka hau ka zauna a bakin tsagar. Kada ka taɓa gwangwanin, kada ka gyara komai, kada ka tashi sai na ce ka tashi. Zan zo in karɓi kayana." Nomau ya ce, "To, Kawu." Tuwon ranar bai ci ba, Ladidi da ta fi kowa faɗa a kan gwangwanin nan ita ce ta koma tana lallashinsa.

Wata rana, wadda ita ce washegarin, Nomau ya hau tun da sassafe ya zauna a bakin tsagar, ya jingina da bauren. Kawu kuwa mai jakin da yake ara ya tafi kai niƙa, dole ya jira. Da hantsi sai ga rugugi daga bayan dutse. Wata katafila ce ta hauro tana ture bishiyoyi, bayanta mota cike da ma'aikata masu hulunan kwano. Masu fasa dutse ne su yi tsakuwa. Ogansu ya sauko da takarda a hannu, ya nuna daidai inda Nomau ke zaune ya ce daga nan za a fara huda a sa nakiya.

"Malam, tashi daga nan, aiki za mu yi."

"Kawu bai ce in tashi ba."

"Wane ne Kawu?"

"Ƙanin Inna."

Oga ya lallaba, ya miƙa masa lemon kwalba, Nomau ya sha ya yi godiya ya ci gaba da zama. Oga ya yi tsawa, ko a jikinsa. Ƙarti huɗu suka zo ɗaga shi, ya rungume saiwar bauren da hannu da ƙafa, suka ja har wandonsa ya yage bai saki ba. Ana cikin haka Ladidi ta hauro da ƙwaryar fura, ta ga ana jan mijinta, ta ajiye ƙwaryar ta rangaɗa ihun da ya tara garin gaba ɗaya.

Da mata suka ji abin da ake shirin yi sai kuka ya tashi, don a ƙarƙashin wannan gefen dutsen marmaron garin yake fitowa, shi kaɗai ne ruwan da ba ya ƙafewa da rani. Mai gari ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya ga hatimi ja. Ya ce, "Jama'a, takardar hukuma ce, ba a ja da ita. Nomau, tashi ka ba su wuri."

"Ranka ya daɗe, ba kai ka ce in zauna ba."

Haka aka yi ta yi har rana ta take. Ba a sa nakiya da mutum zaune a kai, Nomau kuwa ko gezau. Azahar ma a zaune ya yi taimama ya sallace ta. Can wajen ƙarfe uku sai ga Kawu Ilu a kan jaki, yana mamakin wane ne ya mutu. Aka ba shi labari, ya ce a miƙo masa takardar. Shekara talatin mutumin nan ya yi yana karanta irinta. Ya sa tabarau, ya bi lambobin da yatsa, ya ɗago ya dubi oga.

"Wa ya kawo ku nan?"

"Direbanmu. Ya ce ya san dutsen."

"Ya san wani dutse dai. Lambar wurin nan ni na ɗauke ta da hannuna saboda gwangwanina, na san ta kamar sunana. Ta takardarku ba ita ba ce. Ciro wayarka ka sa ka gani."

Oga ya sa lambobin, ya ƙura wa waya ido, ya juya gabas, ya sake juyawa. Ashe wani busasshen dutse ne dabam aka ba su, can ƙetaren rafi, tafiyar kilomita huɗu, inda ko ƙadangare ba ya zama. Ya cire hular kwano ya share zufa, ya ba mai gari haƙuri, ya galla wa direba harara. Katafila ta juya ta gangara ta inda ta fito. Mata suka ɗauki guɗa, Jatau mahauci da kansa ya ce a ba shi hannun Nomau ya gaisa.

Kawu ya sauko daga jaki da ƙyar, ya dogara sanda ya nufi bauren. Mutane suka dare masa. Nomau ya gan shi tafe, ya tuna abin da ya kawo shi, murnar da ke fuskarsa ta ɗauke. Ya san da zarar Kawu ya furta kalmar dole ya tashi, in ya tashi kuma shi ke nan, gwangwani ya bar hannunsa. Bai iya saɓa magana ba, bai kuma taɓa koyo ba. Sai ya cusa yatsu biyu a kunnuwansa, ya runtse ido, hawaye suna bin kuncinsa.

Masu dariya suka haɗiye abarsu. Inna Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kawu ya daɗe a tsaye a kansa. Sannan ya durƙusa, da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya kama hannun Nomau ɗaya ya janye daga kunnen. Wannan karon sai da ya auna kowace kalma kafin ya faɗe ta.

"Nomau, gwangwanin nan naka ne. Ba zan karɓa ba, yau ko gobe ko baɗi. Sannu da aiki. Yanzu tashi ka je ka sha fura."

Nomau ya buɗe ido ya dube shi. Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi, ta yi tsami tun safe. Ladidi ta kama hannu ɗaya, Jatau ya kama ɗaya, suka miƙar da shi. Aka nemi aza shi a kan jakin ya ƙi, ya ce Kawu fura ya ce ya sha. Ladidi ta miƙo ƙwaryar, ya tsaya a gaban garin gaba ɗaya da yagaggen wando ya shanye ta tas.